Ranar da Auta Ya Mayar da Ƙaho Zabira

Duk mai cin kasuwar Guri ya san Auta wanzami. Shi ne siririn tsohon nan mai surutu kamar rediyo, wanda ke shimfiɗa tabarmarsa gindin darbejiya, kusa da masu sayar da bandar kifi. Shekara arba'in da ɗoriya yana aski yana ƙaho, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne, wai bai taɓa sallamar mutum da ciwonsa ba. Ko daga amalanke ka faɗo, ko saniya ce ta shure ka, Auta zai tsaga wurin, ya kafa ƙaho, ya zuƙo mataccen jini, ya nuna maka shi baƙi ƙirin ya ce, "To, ga mugun."

Gwadabe masunci taubashinsa ne, tun suna yawo ba wando suke tsokanar juna. Bara waccan zuciyar Gwadabe ta rikice, ta yi gudu, ta yi kamar ta tsaya, ta sake zabura. Wata likita a Haɗeja ta ce irin wannan bugun yakan sa jini ya yi gudaji, gudajin ya haura ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki. Ta ɗora shi kan maganin tsinka jini. Bai yi musu ba, don yayansa Badamasi shekara shida ke nan yana kwance, baki a karkace, sai an ba shi fura a cokali.

Sai dai ƙafar Gwadabe ta tsufa, shi kuwa bai yarda ba. Yau ya zame a bakin kogi, gobe ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa.

Wata rana wajen aski, aska ta ɗan ƙwarzane shi a bayan kunne. Abin da auduga kan tsayar nan take, sai ga jini yana ta tsiyaya har aka kira la'asar. Auta ya tambaya, Gwadabe ya gaya masa zancen ƙwayar. Auta ya yi masa tsiya, ya ce jininsa ya koma kunun zaƙi, amma fa ya ajiye abin a ransa.

Bayan damina ana gayyar sare kachalla, ciyawar da ke toshe hanyar ruwa, laka ta kwashe Gwadabe. Ya bugu da gefen kwale-kwale, cinya da ƙeya. Washegari ya iso kasuwa yana ɗingishi, ya ɗaga wando. Subhanallahi! Cinyar ta yi baƙi tun daga ƙugu har gwiwa.

"Kafa min guda uku," in ji shi. "Jini ya kwanta."

Hannun Auta ya riga ya shiga zabira, har ya ciro ƙaho. Irin aikin da yake so ke nan, ga mutane sun taru suna kallo. Sai ya tuna da bayan kunnen nan. Ya mayar da ƙahon, ya ɗaure bakin zabira.

"Ba zan tsaga ka ba."

"Kai Auta, tsufa ne ko tsoro?"

"Kira shi duk abin da ka so. Ƙwarzanen da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya kusa hana ni salla. In na yi maka tsaga goma sha biyu, da me zan tsayar da shi?"

"To sai in bar shan maganin kwana uku, in dawo."

Nan Auta ya harzuƙa. "Ka bari mana! Sai mu yi maka shimfiɗa kusa da Yaya Badamasi, cokali ɗaya ya ishe ku."

Maganar ta yi zafi, shi ma ya sani, amma bai janye ta ba. Da ya ji har ƙeya ta bugu, sai ya naɗe tabarma da rana tsaka, ranar kasuwa, ya tura Gwadabe cikin motar Haɗeja, ya zauna kusa da shi.

Likita ta riƙe shi kwana biyu tana lura da kansa, aka yi sa'a jini bai zuba a ciki ba. Ta ce, "Baba, a wurinka shanyewar jiki ta fi faɗuwa haɗari. Kada ka daina maganin nan da kanka. Ka riƙe sanda, ka bar wa matasa kachalla, ba ƙaho, ba tsaga. Duk ranar da ka bugi kai, ka taho nan take."

Gwadabe ya yi fushi kasuwa uku. Auta kuwa ko a jikinsa, sai ma ya ƙaro wa sana'arsa tambaya. Kafin ya taɓa kowa yanzu sai ya ce, "Kana shan maganin tsinka jini?"

A kasuwa ta huɗu sai ga Gwadabe da sandar gora. Ya zauna kan tabarma, ya cire hula.

"Aski kawai."

Auta ya wasa aska, ya yi askin a hankali. Da ya gama, Gwadabe ya ɗaga hannun dama, ya dunƙule, ya buɗe, ya sake dunƙulewa.

"Daga wajen Yaya nake," ya ce. "Ni na ba shi fura yau, da wannan."