Tafiyar Raba Usman da Filin Kwal

Ran Talata na tafi Bani Suwaif, wani gari a kudu da Alƙahira, don in raba ƙanena Usman da aikin kwal, wato gawayin ƙasa. Ran Laraba na dawo Alƙahira. Mutanen gida sun dame ni da tambaya, to ga yadda aka yi.

Sai na fara da dalili. Shekara goma sha huɗu na yi a tashar wutar kwal da ke arewa da Agadez, wadda ke ba garuruwan can lantarki. Aikina kwasar abin da ya zube ƙarƙashin bel ɗin da ke jan kwal da shebur, da fitar da toka. Mutumin gari ya danna bango fitila ta kama, bai san ƙirjin wa aka ƙona ba. Na bar wurin da rabin numfashi. Yanzu shayi nake sayarwa a unguwar Hayyin Ashir a Alƙahira, kuma a ɗakin ƙasa nake kwana don bene ya fi ƙarfina.

Masar da gas take yin wutarta, amma masana'antun siminti kwal suke ƙonawa. A ɗaya daga ciki Usman ya sami aiki, shekara uku ke nan. Ranar Lahadi matarsa Halima ta zo rumfata ta ce, "Yaya Idi, a waya ba ya ƙarasa magana sai tari ya katse shi. Ni ba ya jin tawa." Na ce zan je.

Daga Hayyin Ashir zuwa Munib

Na fito biyar da rabi, bayan sallar asuba. Lokacin sanyi ne, iska na shiga har ƙashi. Na sa kwalin ashana a aljihu, na hau ƙaramar bas zuwa dandalin Ramsis a tsakiyar birni. Minti arba'in. A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa sau biyu na tsaya a matakala ina haki. Wani Bamasare ya ce, "Ma'alish, sannu ya Hajj, kawo jakar." Na ce ba jakar ce ke da nauyi ba. Bakwai saura kwata na sauka Munib, inda motocin kudu ke lodi. Na ci burodi da wake a tsaye, na sha shayin da bai kai nawa ba.

Hanyar Bani Suwaif

Bakwai da rabi mota ta cika. Tafiyar kilomita ɗari da ashirin ce ko kusa da haka. Direban ɗan Sa'id ne, wato kudancin Masar, mai yawan surutu. Da ya ji inda za ni ya ce, "Wurin baƙar ƙura? Aiki za ka nema da wannan furfurar?"

Na ce, "Na riga na yi nawa."

Ya kalle ni ta madubi, ya kashe sigarinsa. Na gode masa a zuciya.

Shingen 'yan sanda ɗaya muka tarar, wajen ƙarfe tara. Jami'in ya juya takardar zamana gaba da baya, ya tambayi abin da zai kai ni. Na ce ɗan'uwa. Ya ce tamam, wato ba laifi, ya miƙo. Goma saura muka shiga gari. Daga nan na hau a-kori-kura, muka haye Nilu zuwa gabas. Gonaki suka ƙare lokaci guda, sai dutse da rairayi. Tun ban hango bututun hayaƙi ba na ji warin. Hancina bai manta ba.

Filin kwal

Ba a bar ni shiga ba. Na zauna a rumfar mai shayi daura da ƙofa daga sha ɗaya har la'asar. Ta cikin wayar shinge nake hangen tulin kwal, kamar tsauni, manyan motoci na juyewa, maza na bin ƙarƙashin bel da shebur. Wasu da takunkumi, wasu sun saukar da shi wuya don zafin aiki. Na ga wani ya tsaya, ya dafa gwiwa, ya ci gaba. Wannan tsayuwar na san ta. Usman ne.

Da ya fito, haƙoransa da idanunsa kaɗai ke da fari. Ya ce, "Yaya, Halima ce ta turo ka."

"Ƙafata ce ta kawo ni."

"Mura ce kawai. Kuma kullum ana ba mu madara, tana wanke ƙirji."

"Na sha madarar da za ta yaye maraƙi goma. Ciki take zuwa, ba huhu ba."

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Ya ce a Alƙahira wa zai ba baƙo aiki mai tsoka kamar wannan, ga yara uku a makaranta. Ban musa masa ba. Gaskiya ya faɗa.

Ɗakinsu na bayan masana'antar, mutum shida, katifu a ƙasa. Muka yi sallah, muka ci shinkafa da adas, ƙananan waken nan na Masar. Rana ba ta faɗi ba na rufe taga, na fito da ashanar.

A tasharmu ta Agadez haka muke yi duk ƙarshen wata, don ba mu jiran likita. A kunna ashana, a riƙe ta taƙi ɗaya daga baki. Mutum ya buɗe baki sosai, ban da tsuke leɓe, ya hura. Mai lafiyar ƙirji bugu ɗaya yake kashe ta. Wanda ya kasa, mun san lokacin tafiyarsa ya yi, ko ya yarda ko bai yarda ba.

Na ce, "Ka kashe ta, in koma ni kaɗai, ba zan ƙara magana ba. Ka kasa, ka bi ni."

Ya ce, "Yalla, mu gani."

Ya hura, wutar ta kwanta ta tashi. Ya sake, haka. A na uku ta mutu. Ya buga cinya ya ce, "Khalas, shi ke nan, Yaya. Ka gaida Halima."

Alkawari na yi. Na ce, "Ka ci. Ni ma a shekarata ta tara a na uku na kashe. Na yi murna kamar yadda kake yi."

Ya ce cikin tsokana, "To tsohon ma'aikaci, nuna mana taka."

Ya kunna, ya riƙe mini. Na buɗe baki na hura. Wutar ko girgiza ba ta yi ba. Na sake. Na sake. Tana ci a tsaye har ta kai yatsunsa ya yar. Kowa a ɗakin na jin ƙarar ƙirjina. Bai taɓa ganin wannan ba, don ban taɓa bari wani a dangi ya gani ba.

Ya ce, "Shekara nawa tsakanin na uku da wannan?"

Na ce, "Biyar."

Ya tashi ya je ya kwanta. Ni ma haka.

Komawa

Na kwana a katifar wani da ke hutu. Shida na safe na ɗauki jakata na fita bakin titi ni kaɗai. A-kori-kura ta tsaya, na hau. Direba zai ja ke nan na ji ana dukan ƙarfen motar. Usman ne, da buhu a kafaɗa da bargonsa a naɗe. Ya zauna kusa da ni ya ce, "Ba don ashanarka ba. Abincinsu ne ya ishe ni."

Na ce, "Na sani."

Takwas muka bar Bani Suwaif, sha ɗaya muna Munib. A matakalar Ramsis shi ya ɗauki jakata, da na tsaya ya tsaya. Azahar ta same mu a Hayyin Ashir. Halima ta buɗe ƙofa ta gan shi, ta juya ta ɗora ruwan wanka.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da direban da ya kashe sigarinsa. Usman ya je asibiti, an ce ya dawo a ƙara dubawa. Aiki bai samu ba tukuna, kuma wani lokaci yana kallona kamar ni na cuce shi. Ina nan rumfata a Hayyin Ashir. Shi ke hura mini wutar shayi.