Ƙarfen Kabarin Kakana

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da ranar da na raka mahaifina wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa a kudu da Gadarif ba. Ko yanzu na tuna sai raina ya ɓaci.

Tashar ba wata babba ba ce, ɗaki biyu ne da tankin ruwa, sai layin dogo da ya miƙe har bakin teku. A da jirgi kan tsaya ya sauke ruwa da wasiƙu, ya kwashi dawa da riɗi da maniyyata. Kakana ya taso daga Yamma, ƙasarmu ta asali, a ƙafa da niyyar Makka. Yana dako a tashar, yana jiran ranar da shi ma zai hau, ajali ya cim masa. Aka binne shi a bayan tanki tare da irinsa da yawa. Ƙasar wurin baƙar laka ce, babu dutse, damina ɗaya ta isa ta shafe kabari, shi ya sa ake kafa guntun ƙarfen dogo a kan kowanne.

Jirgi ya daina zuwa, Baba bai daina ba. Duk bayan girbi sai na kai shi ya yi wa ubansa addu'a.

A waccan shekarar muna isa muka tarar babu ƙarfe ko ɗaya. Tarakta ta bi ta kai, karan dawa har gindin tanki. Mai gonar, wani ɗan kasuwa, yana zaune a inuwar motarsa yana kurɓar gahawa.

Na ce, "Ina ƙarafan da ke nan?"

Ya ce, "Tsohon ƙarfe ne, ya zol, bawan Allah, an kwashe."

"Mutane ne kwance a ƙasa!"

"Ma'alesh. Ni ban ga rubutu ba."

Ma'alesh, wai in yi haƙuri! Sai ka ce ƙafata ya taka a kasuwa. Ban san lokacin da na cakumi wuyan jallabiyarsa ba. Sai na ji Baba a bayana: "Sake shi, ya waladi. Idona ya yi rauni, zo ka nuna min wurin."

Nan na sake shi. Shekara da shekaru ina kawo shi, amma a inuwar tasha nake zama ina jira ya gama. Ban taɓa takawa gun kabarin ba.

Baba ya shiga cikin kara yana lalube da sanda, ya tsaya nan, ya matsa can. Daga ƙarshe ya ɗaga hannu a tsakiyar gona, hawaye na bin gemunsa. Har ya rasu bai sake cewa in kai shi ba.

Ɗan kasuwar nan ban yafe masa ba, kaina ma haka. Abin da na koya shi ne, duk abin da ka bar wa tsoho shi kaɗai ya riƙe, ranar da aka ƙwace ko wurin da yake ba za ka iya nunawa ba.