Ƙofar da Ta Lanƙwashe a Idon Tursunoy

Matata Tursunoy a kan masaƙar alharini ta tsufa, nan Margilan. Zanen da muke saƙawa launukansa shiga juna suke yi, kamar inuwar gajimare a cikin ruwa.

Shi ya sa da bakin ƙofarmu ya fara lanƙwashewa a idonta, ba ta tsorata ba. Ta ce, "Uban Bahrom, duniya ta fara kwaikwayon saƙata."

Na ce, "Sha shayinki, tsohuwa, mafarki kike yi da rana."

Muka yi dariya, muka bar zancen, har ranar da ta dube ni ta ga hulata da kunnuwana, tsakiyar fuskata kuwa sai hayaƙi. Likita ta ce wasu ƙananan jijiyoyi ne ke tsiyaya a can bayan idon. Na hagu mun makara. Na dama ana yi masa allura, ciwon ya tsaya.

Yanzu kowace safiya takan rufe na hagun da tafin hannu, ta ƙura na daman a kan zaren da na ɗaure mata a miƙe, ta ga ko ya lanƙwashe. Ni dai ina riƙe da butar shayi, ina jira.

"A miƙe yake," in ji ta. Sannan nake zubawa.