Tankin Kawuna

Shekarar da aka yi dogon yajin aikin nan, masana'antar da nake aiki a Lome ta rufe, na kwaso iyalina muka dawo Sokode, unguwar Kpangalam. Aikina a can haɗa jabel ne, ruwan nan da ake wanke fararen kaya da shi. Da zaman banza ya ishe ni, sai na fara haɗa shi a tsakar gida cikin jarkokin roba.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da babbar mota mai zirga-zirga tsakanin Sokode da Dapaong. Jininmu bai taɓa haɗuwa ba. Da ya ji jabel ya yi wuya a arewacin ƙasar, sai ga shi da wani tanki na farin ƙarfe mai sheƙi, wanda muke kira inoks, wai in cika masa.

Na ce, "Kawu, jabel yana cin wannan ƙarfen. Ba jan tsatsa zai yi ka gani ba, ƙananan ramuka zai haƙa ta ciki, musamman wurin walda. A zuba a roba."

Ya ce, "Ƙarfen da ba ya tsatsa? Ku da kuka kashe ƙasa da yaji, yau kai za ka koya mini lodi? Cika, ko in kai ƙararka wurin uwarka."

Ya kai kuwa. Inna ta yi ta kuka, na cika.

Ya yi ta kai da kawo lafiya, kullum ya sauka sai ya aiko a tambaye ni ina ramukan. Sannan sojoji suka tsare hanya, motar ta daɗe a rana da tanki cike. Kafin ta isa Dapaong walda ta huje. Ruwan ya bi ƙasan mota ya shiga dilolin atamfar wata Hajiya 'yar Nijar da ke cikin lodin, ya cinye launin, ya bar mata tsumma.

A tasha, gaban jama'a, kawu ya rantse cewa ni na zuba wani abu da gangan, wai ni ɗan adawa ne mai ɓarna. A lokacin irin wannan magana tana iya kashe mutum, kuma ya sani. Jandarmomi suka zo har gida suka tafi da ni gaban 'ya'yana. Dukan da na sha ya tafi da jin kunnena na hagu. Limamin unguwarmu ne ya yi ta sintiri har aka sake ni.

Bayan an koma aiki, dangi suka taru wai a sasanta mu. Kawu ya miƙo hannu yana murmushi, ya ce abin da ya wuce ya wuce. Na ce ya fara faɗa wa mutanen nan ƙarya ya yi mini. Ya ƙi. Na ɗauki takalmina na fita.

Da ya rasu a Dapaong, matata ta je gaisuwa. Ni ban je ba.