Sammani, Maginin da Ya Saurari Ƙasa

Shekara arba'in da 'yan kai, da an sallame asuba a Wagini, Sammani magini zai ɗaure cokalin gini da igiyar awo a bayan babur ya nufi wurin aiki. In ya isa, ba ya taɓa siminti sai ya tuɓe takalmi ya zagaya filin a hankali. Bana gwiwa ta tilasta masa hutu, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Gine-ginensa ba su ƙirguwa, amma wanda ba na mantawa shi ne na gidan maƙwabcina Malam Ɗahiru, malamin kimiyya a Safana. Malam ya sayo madubin hangen taurari, yana son ginshiƙin da zai ɗora shi a tsakar gida, wanda ba zai motsa ba, don 'yar girgiza kaɗan sai ta sa tauraro ya yi ta tsalle a ido. Sammani ya haƙa rami har ƙugu, ya ɗaure rodi, ya zuba kankare. Ya bar tazarar yatsa uku tsakanin ginshiƙin da daɓe, ya cike ta da yashi don kada takun mutum ya kai gare shi.

Duk da haka, wata ya ƙi tsayuwa a madubin.

Sammani ya dawo da la'asar, ya ɗora ƙwarya cike da ruwa a kan ginshiƙin, ya ce kowa ya tsaya cik. Ina wurin. Babu iska, babu mota, ko kaza ba ta gifta ba. Ruwan ya kwanta. Can sai ya yamutse, ya lafa, ya sake yamutsewa, kamar wani na numfashi a ƙarƙashinmu. Rabi, matar Malam, ta ce dama akuyarsu ba ta taɓa yarda ta kwanta a kusurwar nan ba. Wani ya kawo shawarar a kira mai ruƙiyya.

Sammani ya kafa rodi a ƙasa, ya kara kunnensa a kai. Ya daɗe kafin ya ɗago.

"Malam, yara na wasa a nan?"

"Kullum, Baba."

"Daga yau kada su ƙara."

Washegari ya fara haƙa, taku biyu daga ginshiƙin. A sara na huɗu diga ta suɓuce masa ta shige ƙasa. Sai da aka jima muka ji ta faɗa ruwa. Wani sanyi ya taso daga ramin. Tsohuwar rijiya ce da aka rufe da azara aka bi da ƙasa, kuma duk dattawan unguwar babu wanda ya san da ita. Azarar ta ruɓe, ƙasa na zaftarewa ciki kaɗan-kaɗan, abin da ke girgiza ginshiƙin ke nan.

Ya cike rijiyar, ya rushe ginshiƙin da hannunsa, ya sake wani a inda ya tarar da dutse. Ranar da wata ya tsaya cak a madubin, Malam ya kira mu duka mu zo mu gani.

Baba Sammani, kai ne ka ƙi cewa "ai na gama nawa". Kai ne aka kira don taurari, ka tsare rayukan yaran Malam huɗu. Ragon magini kan ɗora wa aljani laifi, kai kuwa ka ɗauki diga.

Mun gode, Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Ku kuma matasan magina, Wagini ba nisa. Ku je ku zauna gabansa tun yana iya ba ku amsa.