Takalmin Baba da Taswirar Gonarmu

Ko na tsufa na rasa haƙora, ba zan manta ranar da takalmin Baba ya ceci digirina ba.

Ina shekarar ƙarshe a fannin ƙididdiga. Aikina shi ne in sa kwamfuta ta riƙa ƙirƙiro jadawalin lambobin da ke juya siffa ta kowace fuska, ba tare da zaɓi ba. Don iyayi, sai na ɗauki taswirar gonarmu ta shinkafa a Bakolori na yi gwaji da ita. Sau biyu malamina yana dawo mini da aikin, ya ce akwai kuskure, in nemo da kaina. Saura kwana huɗu a rufe karɓa, in ban gyara ba sai maimaita shekara.

Na gudo gida Mafara, na baje a tabarma bayan la'asar ina hararar kwamfuta. Baba ya dawo daga gona, mutumin da bai taɓa zama ajin boko ba, ya leƙo. Na yi ta latsawa, gonar tana juyawa.

"Tsaya, ɗiyata. Wagga ba gonammu ta ba."

"Ita ce, Baba, juyata kawai aka yi."

"In kin ba hanyar ruwa baya, tsamiya tana dama. Nan ga ta hauni."

Ya tuɓe takalminsa na hagu, duk taɓo, ya yi ta juya shi a ƙasa. "Duk inda ni juya shi, na hauni na. Sai in an kihe shi."

Ashe kusan rabin jadawalan ba juya gonar suke ba, kife ta suke! Na ƙara wa kwamfutar layi biyu na umarni: duk jadawalin da ya kife gonar, a sauya alamar tarawa da ta ɗebewa a jerinsa ɗaya. Na latsa sau hamsin, tsamiya ba ta bar dama ba.

Dariya ta kama ni har da hawaye. Na suri takalmin na zagaye tsakar gida da shi ina rawa, kaji suna watsewa, Baba na tsaye da ƙafa ɗaya yana cewa in ba shi abinsa, magariba ta gabato. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Yau ni ke koyarwa. Tun ranar na gane cewa mai abu ya fi ka ganin inda ya karkace, don haka kafin in yarda da lissafina, sai na nuna wa mai gonar.