Kawu Mai Hana Ruwa

A bakin Inna na fara jin sunan. Ranar na hana ƙanena moɗa, sai ta ce, "To, ga magajiyar Mai Hana Ruwa." Na tambayi ko wane ne, ta ce yayanta ne, kawuna.

Kawu lebura ne a gonar masu binciken iri. Ana tattaro alkamar gargajiya kala-kala daga hannun manoma, a shuka kowacce a fangalinta da lamba, in ta kusa fitar da kai sai shi ya toshe mata ruwa. Wadda ta jure ƙishirwa ita ake yawaita irinta a raba wa manoma. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki.

Wata shekara fangali na goma sha bakwai ya zama na alkamar kakata, gajeriya mai jan gashi. Shi ya kai musu ita a ƙullin tsumma bayan rasuwarta. Kwana goma da toshe ruwa, ganyenta ya nannaɗe kamar igiya. Kawu ya duba, zuciyarsa ta kasa daurewa. Ya juye mata gorar ruwan shansa. Washegari da bokiti ya zo.

Da shugabar binciken ta zo zagaye, ta tsaya tana murna. "Baba, ka ga ta sha bakwai? Ko gezau! Ita za mu raba."

Kawu ya yi ta murza hularsa. "Dakta, ba jurewa ta yi ba. Ni na shayar da ita."

"Kai? Mai Hana Ruwa?"

"Ta tsohuwata ce. In tsaya ina kallo tana murɗewa?"

"To in mun raba ta, fari ya zo, kai za ka bi manoma gona-gona da bokitinka?"

Ta soke sakamakon, ta ce sai baɗi, ta kuma mayar da Kawu can ƙarshen gona. Inna ta ce da shekara ta zagayo aka sake shuka ta, in zai wuce fangalin kawar da kai yake yi, kamar ya haɗu da surukarsa. Ganyen ya sake nannaɗewa da rana, da yamma ya buɗe. Cikin iri arba'in ta zo ta huɗu, aka sa ta cikin na rabo. Dakta ta bayyana masa cewa da wannan nannaɗewar take tattalin ruwan jikinta.

"Ashe ba kuka take ba," in ji Kawu, "ni ne na raina ta."

Da ya ajiye aiki, ya kira ni ya miƙo min kwalba cike da jajayen ƙwayoyi.

"'Yar Inna, ke ce mai rubuce-rubucen gidan nan. Ki riƙa shuka ko tafi ɗaya ne duk shekara. In kin ga ta nannaɗe, don Allah ki ajiye bokitin. Kuma in za ki rubuta labarina, kar ki cire bokitin nan."